Wa Zai Tsaya Masa? Tarihin Lamuni da Karya Sharaɗi a Birnin Kano

Lokacin da sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, cikin abubuwan da Turawa suka fi yayatawa har da kurkukun Sarki. Gwamna Lugga da ƙafarsa ya je ya gani, ya kuma rubuta ma'auninsa a rahoton da ya aika Landan. Ɗakuna biyu ne na ƙasa, kowanne tsawonsa ƙafa 17, faɗinsa ƙafa 7, bisansa ƙafa 11. Ƙofar sai da rarrafe ake shigarta, ba taga, ba wata kafar shan iska. A gindin bangon da ya raba ɗakunan an huda ramuka, inda ake zura ƙafafun waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa har zuwa cinya. Ya ce mutum 135 ke kwana a ciki a lokacin, da rana a fito da su wani ɗan fili su dafa abin da za su ci, kuma ba da daɗewa ba kafin nan an taɓa cusa har 200. Duk wanda ya karanta wannan bayani sai zuciyarsa ta sosu, ko da ya san Lugga na neman hujjar da zai kafa wa mutanensa a kan yaƙin da ya ƙaddamar. Amma akwai abu na biyu a cikin lissafin wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, wato ƙanƙantar adadin. Tun a 1851 Heinrich Barth ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya ce sukan ninka a lokacin fatauci, ga kuma ƙasar Kano mai faɗi wadda manyan shari'unta nan fada suke ƙarewa. Gari irin wannan ba ya rasa masu taurin bashi da ɓarayin kasuwa da masu faɗa har a ji rauni. To ina sauran suke?

Wasu an yi musu bulala an sallame su, wasu an ci su tara, wasu an kore su daga gari. Akwai kuma wata hanya da littattafan alƙalai suka ware wa babi guda, wadda har gobe Bakano ya san ta ko bai taɓa taka kotu ba: a saki mutum a hannun wani. Dattijo ya gurfana gaban alƙali ya ce, "Allah gafarta Malam, na tsaya masa," daga nan wanda ake tuhuma ya koma gida da sharaɗi a wuyansa. Hujjar da nake son kafawa ita ce, sakin mutum bisa sharaɗi ya girmi dokokin 1957 da 2015 da 2019 a Kano nesa ba kusa ba, kuma ba tsananin azabar da ke jiran mai saɓawa ne ya riƙe shi ba. Abu biyu suka riƙe shi: akwai idon da ke ganin mutum kullum, sannan sakamakon saɓawa hawa-hawa ne, ana auna shi da girman laifin da kuma niyyar mai shi. Tsarin da ke hannunmu yau ya rasa duka biyun, shi ya sa wani lokaci sai ka ga sakaci, wani lokaci kuma ka ga zalunci.

Shaida ta farko tana cikin littattafan da alƙalan Kano suke hukunci da su. Risala ta Ibn Abi Zaid, da Tuhfa ta Ibn Asim, da uwa uba Mukhtasar na Shaihu Halilu, wanda zauren malaman Madabo ya daɗe da yin suna wajen karantar da shi, duk sun yi magana a kan lamuni, kuma Malikiyya ba su ɗauke shi abu guda ba. Kashi uku suka yi masa. Akwai lamunin dukiya, inda mai tsayawa ya ɗauki nauyin biya in wanda ake bi ya gaza. Akwai lamunin fuska, inda alkawarinsa shi ne ya kawo mutumin ranar da aka neme shi. In bai kawo shi ba biya ya hau kansa, sai fa in tun farko ya gindaya cewa ba zai biya ba. Sai lamunin nema, mafi sauƙi, wanda abin da ke kan mai shi kawai ya bi sawu iya ƙarfinsa ya nuna inda mutumin yake, ba a kama shi da komai sai an tabbatar ya yi sakaci ko kuma shi ya gudar da shi. Ko a lamunin fuskar ma ba a yi wa mai tsayawa kwaf ɗaya. In wanda ya tsaya wa bai yi nisa ba, kamar tafiyar yini, alƙali zai ɗan saurara masa; in ya kawo shi ya miƙa, ya fita; in mutumin ya rasu, lamuni ya faɗi. Wanda ya zauna ya karanta wannan babi zai ga marubutansa sun san zaman duniya. Sun san wanda ya tsere daban yake da wanda rafi ya tare a hanya, haka mai lamunin da aka yaudara daban yake da wanda aka haɗa baki da shi.

Ƙa'idoji biyu a babin sun fi sauran nauyi ga zancenmu. Ta farko, hukuncin da ke kan jiki, haddi ne ko ƙisasi, ba ya tashi daga kan mai laifi ya koma kan wanda ya tsaya masa, don haka a irin waɗannan shari'u lamunin nema ne iyakar abin da ake karɓa. Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani ya san misalin wannan a Suratu Yusuf, inda 'yan'uwan suka roƙi a riƙe ɗayansu a madadin ƙaninsu aka ƙi, saboda ba a kama kowa sai wanda aka sami kayan a wurinsa. Ta biyu, haramun ne a karɓi kuɗi a kan lamuni. Malamai sun jera shi tare da ba da rance da amfani da alfarma cikin abubuwan da ba a yi sai don Allah. Hikimar a fili take. Wanda ya tsaya maka kyauta ya yi ne don ya san ka, ya san gidanku, kuma yana da dalilin bibiyar halinka gobe da jibi. Wanda ya tsaya maka don kuɗi ba ya buƙatar ko sunan mahaifinka, ya riga ya sami abin da ya fito nema tun ba ka bar harabar kotu ba.

Kada a ce wannan zancen takarda ne kawai, domin kasuwancin birnin kacokan a kansa ya ginu. Tun da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, baƙon da ya shigo da goro daga Gwanja, ko gishiri daga wajen Azbin, ko hajar Larabawan Gadamas, ba ya zube kayansa haka nan ya jira mai saye. Gidan fatoma yake sauka. Fatoman ne zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, kuma in za a ba da kayan bashi shi ne zai ce wane amintacce ne, a ba shi. In wanen ya ƙi biya, mutuncin fatoma da aljihunsa ne a gaba. Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan tsari a fataucin goro na Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, Abner Cohen kuma ya tarar da shi da ransa a cinikin shanu na Hausawan Sabo a Ibadan a shekarun 1960, inda ake sayar da garke sukutum bashi ba tare da rubutu ba, bisa lamunin maigida. Mece ce makomar wanda ya ci amana a irin wannan kasuwa? Galibi ba a kai ga mari da turu. Labarinsa ne zai riga shi isa kowane zango, ya wayi gari ba mai ba shi kaya, ba mai saukar da shi, ba mai yarda ya ambaci sunansa a gaban baƙo. Wannan hukunci ne mai zafi ga wanda abincinsa ke kasuwa, amma bai toshe hanyar dawowa ba: in ya biya abin da ke kansa, ya sami babban da zai sake sa baki, a hankali a fara ba shi kaɗan a gani.

Shi kansa ginin birnin yana taimaka wa wannan tsari. Lugga ya ce zagayen ganuwar ya kai mil 11 da ƙofofi 13, kowace da Sarkin Ƙofarta, ana rufewa in dare ya yi. A ciki kuma unguwanni ne da aka san asalin mutanensu ko sana'arsu tun daga sunan: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Dandalin Turawa, Soron Ɗinki, marinar Ƙofar Mata. A irin wannan zama, saurayin da aka karɓo daga hannun hukuma ba ya buƙatar wani jami'i mai riƙe da littafi. Da asuba ana ganinsa a sahu ko ba a gani. Da hantsi yana rumfar maigidansa yana bugu ko ɗinki, ko kuwa tabarmarsa na nan a naɗe. In aka kwana biyu ba a ji motsinsa ba, tambaya za ta iso zauren gidansu tun kafin ta isa ko'ina, kuma mai tambayar maƙwabci ne da ya san shi tun yana goye. Daga nan magana ta bi matakala: baffa ko kawu ya ja masa kunne, liman ya yi masa nasiha, mai unguwa ya kira shi zaurensa a gaban wanda ya tsaya masa, in abin ya faskara a miƙa sama. Kafin a kai ga dogari, an wuce ƙofofi uku ko huɗu da mutum zai iya tsayawa ya gyara. Wanda aka mayar hannun hukuma bayan duk wannan, unguwa ta riga ta yi masa shaida, ba mai cewa an zalunce shi a kan kuskuren rana ɗaya.

Mai suka zai ce na wanke hoton da yawa, kuma yana da gaskiya babba. Tsarin lamuni na mai mutane ne. Baƙo marar fatoma, da talakan ƙauye da bai san kowa a birni ba, da bawa, su wa ke tsaya musu? Da wuya a ce cikin mutum 135 ɗin can babu waɗanda laifinsu bai kai rashin gatansu ba. Akwai ma wani nau'in sakin sharaɗi da ya fi kowanne nuna munin abin, wato murgu. Ubangiji yakan bar bawansa ya shiga gari ya yi sana'a, da sharaɗin ya riƙa kawo masa wani abu sananne a kai a kai. In ya gaza, wanda ake bin haƙƙin shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne kuma mai cewa a hukunta. Kusa da fada akwai Gidan Ma'ajin Watari, inda masu bayi ke kai waɗanda suka ce sun kangare a yi musu bulala a tsare su, kamar yadda Mohammed Bashir Salau ya rubuta daga bakin dattawan Kano. Zuwan Turawa bai kawar da wannan nan take ba. Fansar kai ta koma abin da ake yi ta hannun kotu, bayanan majalisar shari'ar Sarki Abbas na 1913 zuwa 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, suna ɗauke da shari'un bayi da fansa, kuma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Haka kuma idon unguwa da na yaba yakan rikiɗe ya zama idon mai mulki. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, 'ya'yanta sun sha ɗauri a kotunan En'e a kan laifuffukan da siyasa ce tsagwaronta. Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta wata uku a Kano saboda wayar da kan mata, daga baya aka kore ta daga garin. Duk wannan na yarda da shi. Sai dai abin da yake nunawa shi ne, sa-ido yakan zama zalunci idan mai sa idon shi ne mai cin moriyar saɓawa ko kuma shi ne mai yanke hukunci a kanta. Babin lamuni ya raba waɗannan hannaye uku, ya sa alƙali a tsakani. Murgu da siyasar En'e haɗa su suka yi a hannu guda.

Babban sauyin da mulkin mallaka ya kawo shi ne mayar da ɗauri hukuncin yau da kullum. Aka gina gidan yarin Kurmawa a 1910, daf da fada, aka fara ƙirga hukunci da watanni da shekaru, aka riƙa fitar da fursunoni aikin hanya da shara. Da gidan yari ya zama makomar kusan kowane mai laifi, sai aka shiga neman hanyar rage cunkoso, a nan ne Jihar Arewa ta yi dokarta ta ɗaurin talala a 1957 bisa salon ta Ingila. Abin lura shi ne, tsarin da aka aro ɗin shi ma daga lamuni ya tsiro. A 1841 wani mai ɗinkin takalma a birnin Boston na Amurka, John Augustus, ya roƙi kotu ta ba shi wani mashayi da za a ɗaure. Ya tsaya masa, ya tafi da shi, bayan mako uku ya dawo da shi a natse, alƙali ya ci shi tarar da ba ta taka kara ta karya ba ya sallame shi. Kafin rasuwarsa a 1859 ya tsaya wa kusan mutum 2,000, ba albashi, yana zaɓen waɗanda zai ɗauka, yana nema musu aiki, yana leƙa gidajensu. Sai a 1878 jihar Massachusetts ta mayar da abin aikin gwamnati, Ingila ta yi tata dokar a 1907. Ke nan abin da aka kawo Kano a 1957 ɗan'uwan abin da ke cikinta ne, sai dai an cire mai tsayawa an sa ma'aikaci a gurbinsa. Ma'aikatan kuwa ba su taɓa wadata ba, dokar ta fi aiki a kan yara ta hannun jami'an jin daɗin jama'a, manya kuma aka ci gaba da tura su gidajen yarin Kurmawa da Goron Dutse.

A wajen ƙarshen shekarun 1960 aka yanke sauran igiyar. Gwamnatin soja ta karɓe gidajen yarin En'e ta mayar da su na tarayya, aka rushe kotun Sarki, kotunan alƙalai suka koma ƙarƙashin jiha, 'yan doka aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya. Wanda ya san abin da aka yi wa 'yan adawa da waɗannan hukumomi ba zai yi kukan rabuwa da su ba. Amma an raba mai hukunci da mai sanin mutane, ba a kuma gina wata gada a tsakaninsu ba. Yau in kotu ta ba da beli, takardu take nema: hoton fasfo, katin ɗan ƙasa, takardar fili, wasiƙar da ke nuna mai tsayawa ma'aikacin gwamnati ne a mataki kaza. Sau da yawa kotunan Kano kan ƙara da cewa ɗaya daga cikin masu tsayawa ya zama mai unguwa ko dagaci, alamar cewa har yanzu alƙalai sun san inda sanin mutane yake. Gaskiya ne beli kafin hukunci yake, talala kuma bayan an sami mutum da laifi, amma ginshiƙinsu ɗaya ne, wato wa zai amsa in an neme shi. Inda aka tsaurara takardu fiye da abin da dangin talaka ke da shi, dole a sami masu sayar da tsayawa, mutanen da ke zaune a inuwar bakin kotu da takardunsu a jaka, suna jiran wanda ba su taɓa gani ba. Abin da fiƙihu ya haramta shi ne ya zama sana'a. Mai tsayawa na gaskiya kuma ga abin da yake gani: a Nuwamban 2020 Mai shari'a Okon Abang na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya aika da Sanata Ali Ndume gidan yarin Kuje, saboda Abdulrashid Maina, wanda ya tsaya wa a kan naira miliyan 500, ya daina zuwa kotu. Bayan 'yan kwanaki aka ba Ndume beli, aka kuma kamo Maina a Jamhuriyar Nijar. Doka ta yarda a ƙwace kuɗin lamuni, ta kuma yarda a ɗaure mai tsayawar da ya kasa biya har wata shida. Amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. In sanata ya kwana a Kuje a kan gudun wani, malamin firamare a Yakasai zai yi dogon tunani kafin ya tsaya wa ɗan maƙwabcinsa, tunda ba a ba shi zaɓin ya ce shi lamunin nema kaɗai zai iya ɗauka ba.

Dokokin baya-bayan nan sun zo da alheri mai yawa a rubuce. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Kano ta yi irin tata a 2019, ta hana kama wani a madadin wani, ta ce ba a hana mace tsayawa don kawai ita mace ce, ta ba kotu damar sakin mai laifi bisa sharaɗin kyautata hali har zuwa shekara uku, ko ta yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ko ta sa shi yi wa al'umma hidima in laifin ba na makami ko fyaɗe ba ne. Dokar gidajen gyaran hali da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta kafa sashe guda domin kula da waɗanda ke zaman hukunci a waje, har da waɗanda aka saka kafin wa'adinsu ya cika. Amma in aka zo kan sakamakon saɓawa, amsar kusan ɗaya ce: a fitar da sammaci, a kamo shi, a yanke masa hukuncin laifinsa na asali. Tsakanin takardar da ya sa wa hannu da ƙofar Kurmawa babu matakalar nan ta baffa da liman da mai unguwa. Ga inda wannan hanya take kaiwa in an bi ta da ƙarfi: wani rahoto na majalisar gwamnatocin jihohin Amurka a 2019 ya nuna kashi 45 cikin 100 na masu shiga gidajen yarin jihohi karya sharaɗin talala ne ya kai su, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan masu shigar ba sabon laifi suka yi ba, ranar ganin jami'i suka tsallake ko gwajin ƙwaya suka faɗi. Wannan kuwa a ƙasar da Kotun Ƙolinta ta wajabta tun 1972 a saurari mutum kafin a mayar da shi kurkuku. A wajenmu abin ya fi karkata ɗaya ɓangaren, domin ba isassun masu bibiya. Lokacin da wata kotun majistare a Kano ta hukunta matasa biyu a 2022 a kan bidiyon TikTok da suka yi wa gwamnan lokacin, sharar kwana 30 da ta ɗora musu a harabar kotun aka ce su yi ta, wato wurin da idon kotu ke iya kaiwa.

Suka ta biyu ta fi ta farko zafi, saboda daga bakin waɗanda aka cuta take fitowa. Matar da aka kashe wa ɗa a kan wayar hannu ba ta son jin zancen hawa-hawa, kuma ba wanda ya isa ya ga laifinta. Mazauna unguwannin da faɗan daba ya addaba sun ga an kama yaro yau, jibi sun gan shi a lungu da wuƙarsa. A 2023 Kwamishinan 'Yan Sanda Muhammad Usaini Gumel ya kira 'yan daba su ajiye makamai, da yawa suka amsa, har aka ɗauki wasu aikin 'yan sandan sa-kai, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a ƙasa baki ɗaya. Amsata ita ce, abin da ya fusata mutane saki ne marar mai shi, kuma tsohon tsarin bai san irin wannan ba. Shi bai yarda da lamunin fuska a kan jini ba tun farko, kuma bai san sakin da ba a ambaci sunan wanda zai amsa ba. Hawa-hawa kuma ba sassauci yake nufi ba. Yaron da aka ce ya zo zauren mai unguwa ranar Litinin ya zo Talata saboda mahaifiyarsa na asibiti, gargaɗi ya kamace shi. Wanda aka gani da makami bayan ya rantse ya ajiye, ko ya je ƙofar gidan mai ƙararsa yana barazana, ranar nan ya kamata ya koma hannun hukuma, ba sai an jira ya zubar da jini ba. Tsarin da ba ya ganin mutum kullum ba zai iya bambanta waɗannan biyun ba, sai dai ya bar su duka ko ya ɗaure su duka.

Saura masu cewa birnin da na siffanta ya wuce. Ganuwa ta zube a wurare da dama, ƙofofi ba a rufe su, mutane miliyoyi sun bazu daga Kurna har Hotoro, inda ɗan haya bai san mai ɗakin da ke jikin nasa ba, mai unguwa kuma mutum ne, ana iya saye shi ko a tsorata shi. Ban musa ba. Amma cikin badala har yau akwai zaure da masallacin unguwa da maigida a kasuwa, kuma gwamnatin jiha da kanta ta amsa cewa suna da amfani lokacin da ta kafa zaurukan sulhu a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Maganin mai unguwar da za a iya saye shi ne kada a ba shi ikon hukunci: ya gani, ya faɗa, jami'in gyaran hali ya rubuta, alƙali ya saurari ɓangarori kafin ya yanke. A 2025 gwamnatin Kano ta bayyana niyyar mayar da Kurmawa gidan tarihi, a kwashe mazaunansa zuwa sabon gidan Janguza da aka gina domin mutum 3,000. Wuri mai faɗi da iska alheri ne ga wanda ke tsare, amma a ƙasar da kimanin biyu cikin kowane fursuna uku jiran shari'a suke yi, shi ma zai cika, kuma dokar gyaran hali ta 2019 ta ba shugaban gidajen gyaran hali na jiha ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni in wuri ya cika aka kuma ƙi ɗaukar mataki. Ranar da aka yi amfani da wannan iko, kotunan Kano za su saki mutane bisa sharaɗi ko an shirya ko ba a shirya ba. Kafin ranar ta zo, Babban Jojin jiha da Majalisar Masarauta suna iya zama su tsara takardar lamuni mai gurbi uku, dukiya da fuska da nema, mai tsayawa ya zaɓi wanda zai iya ɗauka a gaban alƙali, a rubuta saɓawar da gargaɗi ya ishe ta da wadda ke mayar da mutum gidan yari, a ajiye kwafi ɗaya a kotu, ɗaya a zauren mai unguwa.